Bulon da Kande Ta Wanke

Malam Ya'u ya yi shekaru yana jan babbar motar dakon shanu daga kasuwar Mai'adua zuwa kudu, bai taɓa kifar da ita ba. Abin da ya kayar da shi a tsakar gidansa ya same shi, yana alwalar la'asar. Buta ta suɓuce masa, ya bi ta ƙasa. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafar ba ta daɗe ba ta dawo, har yana dogara sanda ya kai kansa masallacin unguwa. Bakin ma ya miƙe. Hannun ne ya ƙi.

Hannun dama kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga dattijo a Daura. Da shi ake gaisawa, da shi ake karɓar goro, da shi ake cin tuwo. Ya'u ya gwammace ya wuni da yunwa da a gan shi yana kai loma da hagu. Don haka matarsa Kande ce ke ba shi a baki, bayan ta saki labule, shi kuma yana kallon bango kamar ba shi ake ciyarwa ba.

Duk ranar Talata ɗansu Munzali yakan kai shi asibiti a Katsina a gasa masa hannun. Matar da ke gashin ta ce gashi kaɗai ba zai wadatar ba, yatsu sai an ba su aiki. Ta ce a zuba masa wake a faranti ya riƙa tsinta yana sa wa a kwano. Ya gwada rana ɗaya, ya ture farantin da ƙafa.

"Ni ba kaza ba ne," in ji shi.

Ana cikin haka Ignatius ya zo. Shi ne mai shagon kayan gyaran mota a bakin tasha, kuma shi da Ya'u sun san juna tun gashin kansu yana baƙi. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wasu daga cikin mutanen garin su Ignatius sun ɗaure kaya sun koma gida. Shi ya ce in ya tafi, wa zai riƙa sayar wa Ya'u birki yana zaginsa? Ya zauna.

Ya shigo ɗakin da tsohon bokitin fenti, ya dire gaban tabarma.

"Direba, na kawo maka mota."

"A bokiti?"

"Ba kai ka ce babu motar da ta taɓa gagarar ka ba? To ga ta nan. Sai dai a kwance take, sai ka tada ta."

Ya juye bokitin. Ƙananan bulo ne na roba, ja da rawaya da shuɗi da fari, kowanne da 'yan ƙusoshi a samansa da ramuka a ƙasansa, in ka danna ɗaya kan ɗaya sai su kama juna. Akwai tayoyi, akwai 'yan gilasai kamar farcen babban yatsa. Na 'yarsa Adaolisa ne tun tana ƙarama, yanzu kuwa tana jami'a. Har da wata tsohuwar takarda mai hoton motar tsere da bayanin yadda ake haɗa ta. Ya'u ya kawo takardar kusa da idonsa, don yanar ido ta fara rufe masa gani, ya daɗe yana dubawa.

"Oga, wannan ko akuya ɗaya ba za ta ɗauka ba."

"To haɗa taka mu gani."

Ya'u ya ce shi ya wuce wasan yara. Ignatius ya ce ai ya sani, ya tafi ya bar bokitin.

Washegari da hantsi Kande tana madafi ta ji wani ɗan sauti daga ɗakin, ƙas. Ta tsaya da muciya a hannu. Shiru ya yi tsawo, sannan ta sake jin ƙas. Ba ta leƙa ba.

Da farko da hagu yake riƙe bulon, ya ɗora tafin dama a kai ya danna da nauyin jikinsa duka. Daga baya babban yatsa ya fara taimakawa, sai manuniya. Takardar motar tseren ya ba Kande ta kunna wuta da ita. Motarsa yake ginawa, wadda ya sani: doguwar ƙasa, tayoyin baya bibbiyu, kai mai dogon hanci. Asalin tasa koriya ce, amma koren bulo bai taka kara ya karya ba a bokitin, sai ya yi kan da ja, ya ce ai ita ma ta taɓa yin ja kafin mai ita ya sake mata fenti. Ya rushe hancin ya fi a ƙirga, don wai bai yi kama ba. Kande ba ta ga bambanci tsakanin na jiya da na yau ba, amma ta ga ranar da ya karɓi ludayi daga hannunta ya sha fura da kansa, rabi a baki rabi a riga. Kafin watan ya ƙare ya yanki tuwo da dama. Lomar ta karkace, miya ta bi gwiwar hannu, ya dai kai ta.

Saura bodi. Shi ne babban aikin, in ji shi, don bodin motar shanu ba bango ba ne, sai an bar tsaga-tsaga iska ta shiga, sai an yi tsani a gefe, sai an yi ƙyauren baya da zai buɗe.

A makon ne Eucharia, matar Ignatius, ta zo dubiya da lemo da ayaba. Ta tarar da Barakatu, yayar Ya'u, wadda ta zo daga Sandamu ta kwana biyu. Eucharia ta ga kan motar a gefen tabarma ta tafa hannu.

"Kai, Baba, ka fi Ada iyawa. Ita gida kawai take ginawa, kullum gida. Ta gina, Bingo ya zo ya kwashe rufin a baki ya gudu ƙarƙashin gado."

"Wane ne Bingo?" in ji Barakatu.

"Karenmu ne na da. Ɓarawon bulo ne na gaske. Kullum sai mun buɗe masa baki mun ciro."

Aka yi dariya, har da Ya'u. Barakatu ba ta yi ba.

Shekarun nan kowa ya zama malami. Wanda ya saurari kaset biyu sai ya fara ba da fatawa a bakin rijiya. Barakatu ta shiga Islamiyyar matan aure da tsufanta, abin a yaba, sai dai ta fito da hukuncin kowane abu a bakin zanenta, kuma ba ta taɓa cin karo da hukunci mai sauƙi ba. Baƙuwa na fita ta ja Kande bayan rumbu.

"Kin dai ji da kunnenki."

"Na ji, Yaya. Ai abin ya daɗe."

"Najasa tana tsufa ne? Yawun kare fa. Yana damƙar abin nan da gumin hannunsa, ya tashi ya kabbara salla. A kan tabarmar da yake salla yake baza su. Mutumin da Allah ya taɓa, wanda ba a san gobensa ba, ki bar shi yana tara sallolin da babu tabbas a kansu?"

"To ya zan yi? In na raba shi da su ai na kashe shi."

"Wa ya ce ki raba shi? Wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Shi ke nan. Kada ma ki gaya masa, kin san halinsa a kan mutumin nan nasa."

Da Barakatu ta ƙara gaba kaɗan a karatun nata, da ta tarar malaman mazhabar Malik, waɗanda garin nan ke bi tun kakanni, ƙwaryar da kare ya sha ruwa a ciki suka ce a wanke, yawun nasa ma ba su kira shi najasa ba. Amma ba ta kai shafin ba tukuna, Kande kuma ba ta tambayi kowa ba. Maganar sallolin da babu tabbas ce ta zauna mata a ƙirji. Ita ce ke kai masa ruwan alwala. In akwai laifi, ta ga kamar da hannunta a ciki.

Ranar Talata, Munzali na fita da mahaifinsa, ta ɗauko bokitin. Kan motar da ƙasanta ba ta iya taɓa su ba, don in ta ɓalle ko bulo ɗaya zai gane. Ta dai goge su da jiƙaƙƙen tsumma, ta ce Allah ya ga niyya. Sauran ta juye a babban baho. Ta wanke, ta zubar, ta wanke, ta zubar. Ta ɗebo ƙasa mai laushi daga gindin rumbu ta cuɗe su da ita. Barakatu na zaune kan turmi tana lissafa mata.

Da aka cika bakwai Barakatu ta ce ya yi, ta shiga ɗaki ta kwanta. Abin da ya biyo baya na Kande ne ita kaɗai. Ita mace ce da ba ta yarda da tsabtar ruwan sanyi ba. Rigar gwanjo ba ta taɓa hawa jikin ɗanta ba sai ta ga tukunya. Tsummokaran jego, kwanon mai tari, duk tafasa su take yi, haka ta ga uwarta na yi. Ga tukunyar ruwa tana ɓararraka a murhu. Ta juye bulon a ciki, ta ce bari su yi tafasa ɗaya. Maƙwabciya ta yi sallama neman rariya, aka tsaya gaisuwa da labarin wani suna. Da ta dawo ta tsame su da matsami, ta baza a kan wani fallen kwanon rufi a tsakiyar rana, ranar bazara, don su bushe kafin masu Katsina su dawo.

Sun bushe. Sun yi fes, launinsu ya ɗan dushe kaɗan, ba yadda mai yana a ido zai lura ba. Ta mayar da su bokiti, ta ajiye inda ta ɗauka. Ranar ta yi sallar la'asar da zuciya wasai.

Laraba da hantsi ta kasa kunne daga madafi. Ta ji ya jawo bokitin. Ta ji ya zube su a tabarma. Ta jira ƙas, ba ta ji ba.

Ta ɗora ruwa, ta tankaɗe gari, kunnenta na ɗakin. Can ta ji wani abu ya faɗi ya gangara. Ta je ta ɗaga gefen labule. Ya'u ya ɗora jan bulo a bayan kan motar yana danna shi da babban yatsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Bulon ya ƙi shiga. Ya ɗauki wani, wannan ya shiga, amma yana ɗaga hannu ya faɗo. Ya ɗauki na uku. Sannan ya ajiye, ya buɗe tafin hannun dama a kan gwiwarsa yana kallonsa, ya dunƙule, ya buɗe.

Da azahar ta kawo tuwo. Ya dubi kwanon, ya tura hannun dama cikin riga.

"Saki labulen," in ji shi.

"Malam, ai jiya da kanka ka ci."

"Jiya ke nan."

Ta saki labule ta ba shi a baki. Bai ci rabi ba.

Da ya kwanta ƙailula ta ɗebi bulo cikin hannu ta fita bayan rumbu. Ta haɗa biyu, suka ƙi. Ta sa ƙarfi har ƙusoshin suka yi mata shaida a yatsa, suka shiga a karkace. Ta gwada wasu, waɗannan suka shige salin-alin suka kuma zare salin-alin, kamar ba a yi su don juna ba. Ta ɗora wani dogo a kan dutsen niƙa, ta ga tsakiyarsa ta ɗan tashi, ɗan kaɗan, abin da sai mai neman sa zai gani. Lafiyayyen hannunta, hannun da ke daka, ya kasa abin da mijinta ke can yana zargin nasa hannun a kai.

Ta tsaya a wurin har inuwar rumbu ta matsa. Abin da ya kamata ta yi a bayyane yake, taku goma ne zuwa ɗakin. Sai ta tuna fuskarsa in ya ji an taɓa masa kaya a ɓoye, kuma a kan kare, kuma karen Oga. Ta ce bari ya tashi. Da ya tashi ta ce bari ya yi salla. Da ya yi salla baƙi suka zo.

Alhamis ya sake gwadawa, shi kaɗai, ya sa an rufe ƙofa. Juma'a bai taɓa bokitin ba. A masallaci, in ji Munzali, hagu ya ɗora a ƙirji yana amsa gaisuwa da ka, bai miƙa wa kowa hannu ba.

Kande ta sami Barakatu ta gaya mata. Barakatu ta ce ita wanki bakwai ta ce, ba ta ce a dafa ba, kuma gaskiyarta. Ta ƙara da cewa ciwon nan dama haka yake, ya tafi ya dawo, kada Kande ta ɗora wa kanta abin da yake rubutacce.

"Yaya, na gwada da hannuna. Ba sa kamawa."

"To ki yi shiru. In kin faɗa me zai gyaru? Robar za ta miƙe ne? Sai dai ki jawo mana faɗa a gida. Dama babba da shi yana wasan yara, masu dubiya suna fita suna magana."

Wannan shawara ta yi wa Kande daɗi, kuma daɗin da ta yi mata ne ya fi damunta.

Ranar Asabar ta yafa mayafi ta tafi gidan Ignatius, a bayan shagon. Tunaninta shi ne in ta samo wasu bulon ta musanya a ɓoye, hannun zai dawo, ba sai kowa ya ji komai ba. Eucharia ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa a sabon kofi, ta ce wannan na baƙi ne, ba a taɓa sha da shi ba.

"Maman Ada, ko akwai sauran abin wasan nan? Kamar ba za su ishe shi ba."

"Wayyo, duka ke nan na juye masa. Wani ɗan'uwan maigida ne ya kawo wa Ada daga Legas tun tana firamare. A nan ban taɓa ganin irinsu ba. Akwai wasu a kasuwa masu kama da su, amma ba sa kamawa, yaro ma tsaki yake yi. Sai dai ko Kano, in an dace." Ta gyara zama. "Ya jikin Baban? Maigida kullum sai ya ba mutanen tasha labari, wai Direba ya kusa gama mota, ranar da ya gama zai ɗora ta a kan kantar shago kowa ya gani."

"Da sauƙi."

"Kin san kafin a kawo sai da na zauna na wanke su tas da sabulu, ɗaya bayan ɗaya da buroshi. Na ce gidan masu salla za su, ga kuma mara lafiya. Da ruwan sanyi dai, don Ada ta ja mini kunne a waya, wai zafi yana lalata su."

Kande ta ajiye kofin. Ta ce Allah ya saka da alheri, ta ce ta bar tukunya a wuta. Eucharia ta raka ta har bakin titi, ta cusa mata ƙullin busasshen kifi a mayafi, wai a yi wa Baba farfesu.

Lahadi da Litinin Ya'u bai fito tsakar gida ba. Ya sa Kande ta ɗauke kan motar daga gefen tabarma ta ɗora bisa kabad. Ya ce in Oga ya zo a ce yana barci. Tana ba shi abinci yana kallon bango, ita tana kallon hannun rigar da babu motsi a ciki. Sau biyu ta buɗe baki, sau biyun abin da ya fito shi ne ko a ƙara miya.

Talata da safe Munzali ya zo da motar da za ta kai su Katsina, ya bar ta a ƙofar gida ya shigo. Ya tarar da mahaifinsa zaune da rigar barci.

"Baba, ba ka shirya ba? Rana na yi."

"Sallami mai motar."

"Ikon Allah. Me ya faru?"

"Babu abin da ya faru. Na gama zuwa. Wata da watanni ana murza ni kamar ƙullu, abin ya zo ya koma. Na ga alama, ba sai likita ya gaya mini ba. Abin da ɗan yaye ke haɗawa ya gagare ni." Ya juya wajen ƙofa. "Kande, in kin sami sarari a mayar wa Oga bokitinsa. A ce na gode."

Barakatu, daga bakin ƙofa, ta ce hakan ma daidai ne, a bar bawan Allah ya huta, akwai wani malami a Dutsi da rubutunsa ke aiki a kan irin wannan. Munzali ya tsaya yana jujjuya hula a hannu. Ya san in mahaifinsa ya ce ya gama, ya gama. Ya juya zai fita.

"Dakata," in ji Kande. "Kada ka sallame shi tukuna."

Ta jawo bokitin tsakiyar ɗaki, ta durƙusa. Ta ɗebo bulo biyu ta miƙa wa ɗanta.

"Haɗa."

"Inna, yanzu lokacin wannan ne?"

"Haɗa, na ce."

Munzali ƙato ne, buhun gero yake ɗauka shi kaɗai. Ya danna, suka ƙi. Ya juya su ya sake dannawa, ɗaya ya yi tsalle ya faɗa bayan randa. Ta ba shi wasu. Suka shiga, ya ɗaga, na ƙasan ya faɗo. Ya'u ya daina kallon bango.

"Ba hannunka ba ne, Malam," in ji Kande. Idonta na kan tabarma. "Ni ce. Ranar da kuka tafi Katsina na wanke su saboda maganar karen nan. Na tafasa su a tukunya, na shanya a kwano. Sun lanƙwashe. Tun Laraba na sani."

A waje mai motar ya danna oda.

"Tun Laraba," in ji Ya'u.

"Tun Laraba."

"Kina ba ni tuwo a baki."

Barakatu ta fara cewa ai niyyar alheri ce, don sallarsa aka yi. Ya'u ya ce, "Yaya, don Allah," ba tare da ya dube ta ba, ta yi shiru.

Kande ta miƙa hannu za ta tattara bulon da suka zube, don ta sami abin yi. Sai ta ji an damƙe mata wuyan hannu. Ya'u ya jawo ta har sai da ta dube shi. Bai ɗaga murya ba.

"Wankin ban damu da shi ba. Kin yi wauta, kowa na yi. Amma kina kallona ina binne hannuna da rai, kika yi shiru kwana da kwanaki. Me na yi miki?"

"Tsoro na ji."

"Tsoron me? Na taɓa dukanki?"

"A'a."

Riƙon ya yi tsanani har awarwaronta ya nutse cikin fata. Ta ji zafin ya kai mata kafaɗa, ba ta janye ba. Munzali ne ya fara gani.

"Baba," in ji shi a hankali, "dubi hannun da ka riƙe ta da shi."

Ya'u ya duba. Yatsun nan biyar na dama sun zagaye wuyan hannun matarsa, har gaɓoɓinsu sun yi fari. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sake ta, yatsa bayan yatsa, ya ɗora hannun a gwiwa.

"Miƙo mini riga da hula," ya ce wa ɗansa.

Munzali ya taimaka masa ya sa rigar. Hular kuwa da kansa ya ɗora, da dama, ta zauna a karkace, bai bari an gyara ba. Ya dogara sanda ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Bokitin nan ke za ki kai wa Oga, ba aike ba. Ki gaya musu abin da kika yi, da dalilin da ya sa kika yi. Har maganar karen."

"Malam, da wane ido zan dubi Maman Ada?"

"Da wanda kika dube ni da shi."

Ya fita. Ta ji ƙarar sandarsa a zaure, ta ji an rufe ƙofar mota, ta ji motar ta tashi. Barakatu ta ce ita ma bari ta haɗa kayanta, ta kwana biyu ba ta ga gida ba.

Kande ta zauna ita kaɗai tana tsince bulon daga tabarma tana zubawa a bokiti. Ta sa hannu bayan randa ta lalubo wanda ya faɗa can. Wuyan hannunta ya fara tashi, shaidar yatsu ta fito ɓaro-ɓaro. Ta ja mayafi ta rufe wurin, ta ɗauki bokitin ta nufi tasha.